Gawayin da Na Hura wa Sale Wanzami

Shekarar da korona ta sa aka rufe masallatan Juma'a, ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ba don cutar ba kuwa, ni tawa kunyar daban ce.

A shekarar ne ciwon baya ya hana ɗana Habibu zama a kan keken ɗinkinsa a kasuwar Wudil. Muka je asibiti a Kano, aka yi masa hoto. Likita ta ce wani ɗan tsiro ne a ƙashin baya, bai kai ƙwayar wake ba, kuma ba ciwon daji ba ne, alhamdu lillahi. Ba sai an yanka ba. Allura za a zura har cikin ƙashin, a sakar mata zafi ta ƙone shi. Ina rubuta bayaninta da ajami a bayan kati, zuciyata na cewa ai wannan sakiya ce. (Mu da tun kakanni da ƙarfen da aka gasa a wuta ake huda kumburi, sai mun jira layi?)

Muna komawa gida na aika wa Sale Wanzami, wanda ya yi wa Habibun kaciya. Na hura gawayi a zaure da hannuna, na kira maƙwabta biyu su danne mara lafiya, har na buɗe da addu'a. Sale ya shafa bayan, ya ɗaga hoton a hasken ƙofa, ya tambayi inda abin yake. Na nuna masa da yatsa, sai ka ce ni na ɗauka.

"Malam, wannan ai jikin laka yake," in ji shi. "Ni fata nake gani. In na kauce, da wace ƙafar zai taka keken?"

Ya naɗe zabirarsa. Ni kuwa, a gaban mutane, na ce tsufa ne ya sa masa tsoro.

Dole muka jira ranar da aka ba mu a asibiti. Ashe kafin a shiga da shi, Habibu (Allah ya shirye shi) ya kwashe labarin kaf ya ba likita. Da aka gama, ta fito baranda cike da masu jinya.

"Baba, kai ne mai gawayin?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce su ma da suke kallon allurar a na'ura, suna auna zafin, sai da suka yi kaffa-kaffa saboda lakar. Sannan ta ce in gaishe mata da wanzamin, abokin aikinsu ne.

Habibu ya koma kan kekensa kafin ni in iya zuwa rumfar Sale. Da na je ma, da sunan aski na je. Sai da ya jiƙa min kai ya fara, na isar da gaisuwar likita, na ce ya yafe min.

"Na yafe tun ranar, Malam. Daina motsi."

A nan na gane, mai sana'a in ya ce ba zai iya ba, iyawar ke nan. Kuma duk mai neman afuwar wanzami, ya nema tun aska ba ta hau kansa ba.