Yadda Ake Kama Dusar Katako da Wando

Kai da ka girke injin yankan katako a ɗakin da ke jikin kicin, har matarka ta fara tsintar dusa a miya, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na lamunce maka ko ƙwaya ɗaya ba za ta tsere ba. An gwada hanyar a kan mutum guda, maƙwabcina Tsohon Direba, wanda ya ajiye tuƙi ya koma kafinta don nishaɗi. Matarsa ta riga ta yanke masa hukunci: ta sake ganin dusa a kicin, injin ya bar gidan, ɗakin ya zama nata.

1. Fara da musu

In aka nuna maka dusa a murfin tukunya, ka ɗaga kai ka dubi sama. Haka Direba ya yi, ya ce iska ce ta kawo.

"Iskar ma kafinta ce, Baban yara?" in ji matar.

Kada ka amsa. Mai hikima yakan bar mace da tambayarta.

2. San abokin gabarka

Dusa iri biyu ce. Akwai mai nauyi, saliha, wadda ke zuba ƙarƙashin teburin injin ta jira tsintsiya. Akwai kuma mai laushi, 'yar yawo. Ka tsaya inda rana ta ratso taga ka gan ta, tana juyi a hankali kamar taurari sun yi ɓatan hanya. Direba ya taɓa kallonta har shayinsa ya huce. Masana sun ce in an yanka itace, abin da ya tashi sama tunaninsa ne. Ban san masanan ba, amma na yarda. 'Yar yawon nan ita ce mai shiga miya.

3. Nemo wando

Rufe ƙasan teburin da falanki, ka huda gefe, ka kafa tsohuwar fanka yadda za ta zuƙo iska ta tura cikin bututu. A bakin bututun ka ɗaura ƙugun wando, ka ƙulle ƙafafun da igiya. Yadi yana sakin iska ya riƙe dusa. Buhu ma zai yi, amma buhu ciki ɗaya gare shi, wando kuwa ƙafa biyu.

Da ka kunna, wandon zai kumbura ya miƙe, yana rangaji kamar rabin mutum ya ji kiɗa. Kada ka shagala da kallo, yatsunka na kusa da zarto.

4. Kada ka tambayi mai wandon

Naka ba zai yi ba, tsofaffi ba mu da faɗi. Direba ya leƙa igiyar shanya ya tarar da wani wando kamar tanti. Na yayan matarsa ne, ƙaton mutum da ya sauka a gidan don ganin likita, ya wanke ya shanya. Tambaya ita ke jawo a'a. Direba bai tambaya ba, aro kawai ya yi, ya kuma yanka katako har ƙafafun suka cika suka yi tam. Ya shafa bango, ya shafa taga: fes.

5. Gayyato mai bincike

Nasarar da ba a gani ba asara ce. Direba ya wangale ƙofa ya kira matarsa. Ta baro tukunya a buɗe ta zo da baƙin ƙyalle, ta goga a saman ƙofa, ta goga a bayan kabad, ta duba. Babu komai. Ta sake gogawa, don gaskiyar miji tana da wuyar haɗiya.

"To, ka ci wannan," ta ce.

A nan ya kamata ka rufe ƙofa. Direba kuwa ya ce, "Tsaya ki ga yadda yake aiki." Ya kunna.

Wandon ya tashi tsaye. Daidai lokacin Yaya ya iso bakin ƙofa, ɗaure da tawul, don tun safe yake neman abin sawa. Ya dubi wandon, wandon ya yi masa rangaji.

"Direba, wancan ba ni ba ne?"

"Yaya, ai kimiyya ce, bari in yi maka baya..."

"Kimiyyar gidanku! Da tawul zan je wurin likita?"

"Kashe! Baban yara, kashe!"

6. Fanka ake fara kashewa

Wannan matakin Direba ya tsallake. Yaya ya damƙi wandonsa ya fizge daga bututun, igiyoyin suka kwance, fanka na ta aikinta tsakani da Allah. Dusar ta bi ta ƙofa, 'yar yawo a gaba, saliha a baya. Da ƙura ta lafa, mutum uku ne a tsaye, duk launinsu ɗaya, miya kuma ta yi kaurin da ba ta taɓa yi ba.

Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta kakkaɓe gira, ta miƙa hannu ta ce, "Makulli."

Injin yanzu yana gidan wani. Ɗakin kuwa ta zuba kaji a ciki, su kuma kaji sai da shimfiɗar dusa suke kwana. Don haka za ka ga Direba da buhu a kafaɗa yana zagaya shagunan kafintoci, yana sallama: "Ko akwai 'yar dusa, a taimaka?"

Sanarwa: wandon bai yi yoyo ba, kowa ya shaida, cire shi aka yi. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa inji, ko ɗaki, ko gaisuwar yayan matarsa, ya nemi mai wandon su sasanta. Ni shawara kawai na bayar, kuma ban taɓa mallakar zarto ba.