Yadda Tsalha Ya Ci Hawan Tsamiya Uku

Da sunan Mai kowa mai komai muke buɗe tarihin sadauki ɗan sadaukai, Tsalha ɗan Buwai mai amalanke, jikan Jatau mai jakuna bakwai, tattaɓa-kunnen wani bawan Allah da ba a riƙe sunansa ba, amma malaman tarihi sun haɗu a kan cewa a ka yake ɗaukar kaya. Sarkin Dusar Katako, Garkuwan 'Yan Tsaki, mai shiga aiki baƙi ya fito fari fat, wanda tarinsa ke riga shi isa majalisa. Dusar katako yake kai wa gonar kaji, a shimfiɗa musu. Sana'ar ke nan.

Maƙiyin wannan zuriya tun kaka da kakanni shi ne Hawan Tsamiya Uku, tudun jar laka da ya gitta tsakanin masu yankan katako da gonar Hajiya Kulu. A nan jakunan Jatau suka durƙusa, a nan amalanken Buwai ta koma da baya da Buwai a ciki. Da rani dusa ba ta da nauyi. Da damina takan sha ruwa ta ninka uku, sai tsohuwar motar Tsalha ta kai rabin hawa, ta yi atishawa, ta mutu. A gindin tudun kuwa akwai rumfar mai shayi, hedikwatar taubashinsa Bawale da jama'arsa.

"Jikan jakuna, a turo ka ne?" in ji Bawale. Su tura, Bawale ya yi mako yana ba da labari.

Ran turi na tara, Tsalha ya tsaya a ƙolin tudu, dusa a gemu, ya yi alwashi a gaban shaidu cewa ɗan Adam ba zai sake tura masa mota ba, in kuwa aka sake, zai ajiye makulli ya koma kan jaki. Bawale ya ce akwai ɗaya a gidansu, daga yau zai fara kiwata masa shi.

Sai sadauki ya rabu da tsohuwar, ya yi ɗamara, ya nufi kasuwar manyan motocin da suka gama ƙuruciyarsu a Turai, tare da wazirinsa Oga Lurwanu makanike, ma'abocin hikima da baƙin farce, wanda makamansa jak ne da guntun alli. Dillalai suka yi musu caa da rantsuwa da yabon fenti. Waziri bai dubi fenti ba. Ya ɗaga mota da jak, ya shiga ƙarƙashi, ya yi zane a taya, ya yi a firofela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, sannan ya sa a juya taya zagaye guda yana ƙirga juyin sandar.

Ta farko, mai taya shida da giya shida, sandarta ta juya sau huɗu.

"Wannan 'yar kwalta ce," in ji Lurwanu. "Ba ta taɓa ganin laka ba."

Ta biyu, mai taya goma, layin taya biyu a baya, giya tara har da ta rarrafe, sandarta ta juya sau bakwai.

"Wannan kam, mai keke zai wuce ka yana gaishe ka. Amma ko tudun ka ɗaura mata, da shi za ta tafi. Sai dai sifirinta, ƙarfen da ke lotsawa in an ɗora kaya, ya yi tauri, nauyi take so."

Tsalha bai ji ƙarshen ba. Yana gwada hon. Ita ya saya.

Ana nan sai manzo ya zo daga Hajiya Kulu cewa jiƙaƙƙiyar dusa na sa wa 'yan tsakinta mura. Sadauki, da yake adali ne mai tausayin raunana, ya sayi sabon tamfol, ya lulluɓe kaya ruf, ko ɗigo bai shiga ba.

Ranar gwabzawa aka wayi gari da ruwa. Tudu ya yi santsi. Tsalha ya tunkaro shi cikin haiba da gurnani, hayaƙi ya turnuƙe sama, awaki suka watse, kofunan mai shayi suka kama rawa, ya danna giyar rarrafe ya yi kururuwa: "A ba jikan Jatau hanya!"

Ta hau rabi. A daidai inda jakuna suka durƙusa, tayoyin baya takwas suka shiga juyi a wuri ɗaya, suna feshin laka har cikin rumfa. Motar da aka zaɓa don jiƙaƙƙen kaya tana ɗauke da busasshe, sakayau kamar auduga, babu abin da zai danne ta ta kama ƙasa.

Bawale ya ajiye kofi, ya miƙe, ya fara naɗe hannun riga, a hankali, don kowa ya gani.

"Kada wanda ya tura!" in ji Tsalha.

"Na ce maka nauyi take so," in ji Lurwanu daga kujerar gefe. "Ko ka yaye tamfol ruwa ya shiga."

Tsalha ya tuna 'yan tsaki. Ya tuna jaki. Ya leƙo ta taga, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Bawale. Ku hau."

Mutum ashirin da bakwai suka hau, da wata mai buhunan masara, da mai shayi rungume da butarsa. Sifirin ya lotsa, taya ta ciji ƙasa, mota ta rarrafa, ta rarrafa, har ta tsaya a ƙolin da ya gagari iyaye da kakanni. Shaidu suka tabbatar ba a tura ba. Suna sama, sun gani da kyau.

Tun daga ranar, duk safiyar da aka yi ruwa, Bawale da jama'arsa kan jira a rumfa kamar da. Ba sa turi. Hawa suke, a kai su tudu zaune, Bawale na bubbuga rufi yana cewa direba ya ƙara wuta.

Jakin yana nan. Ya yi ƙiba.