Hedifon Shugaban Sauraro da Turken Wutar Layinmu

Shugaban Ofishin Sauraron Koken Jama'a ya ci amanar aikinsa, kuma a gabana ya ci. Na faɗa. Wanda abin ya yi wa zafi ya zo, ina shagona na gyaran rediyo, ban taɓa ƙaura ba.

A layinmu akwai turken wutar lantarki da ruwa ya zaizaye wa gindi, ya sunkuya daidai kan ɗakin yayata. Mijinta ya rasu, a ɗakin nan take kwana, a nan keken ɗinkinta yake, da shi take ciyar da 'ya'ya uku. Wannan ofis ya raba lambar waya, wai duk mai kuka ya buga, kunnensu a buɗe yake. Ta buga har ta gaji, ba mai ɗagawa. Ran Litinin na rufe shago, na ce, "Yaya, sa mayafinki, mu kai musu kukan da ƙafa."

Muka tarar da benci cike da mutane. Sakatariya ta ce hedifon da ma'aikata ke amsa waya da su duk sun mutu, kuma yanzu haka Mai Girma Shugaban Sauraro yana ganawa da kwamiti kan sayen sababbi. Na ce alhamdu lillahi, ashe gyara ake yi. Sai dai ganawar tana da kiɗa. Ta ƙarƙashin ƙofa kana jin dif, dif, dif, har ruwan da ke cikin kofin sakatariya yana rawa.

Can sai kiɗan ya ɗauke. Sakatariya ta shiga, ta fito, ta ce ko akwai wanda ya san harkar waya a cikinmu. Yaya ta zungure ni. "Tashi mana, auta. In ka shiga ka faɗa musu maganar turken." Shekarata hamsin da biyu, har yau auta nake a bakinta.

A ciki na sami mutum huɗu da ɗan kwangilar da ya kawo kayan, yana ta gumi da wayarsa a hannu. Soket ne ya saki, minti biyu na gyara. A kan tebur ga hedifon iri uku: wani ja ƙato mai kumfa kamar matashin kai, wani baƙi matsakaici, sai wani ƙarami ruwan toka mai siririn makirfo. Gwaji ake yi. Da me? Da kiɗan rawa.

Mai Girma ya ɗora jan a ka. Ya lumshe ido. Kafaɗa ta fara, tumbi ya karɓa.

"Kai!" ya ce da ƙarfi, don ba ya jin kansa. "Wannan bes ɗin, ƙugin nan, har cikin hanta!"

Mataimakinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ma saka ba, amma daga fuskarka na ji daɗinsa."

Aka miƙa baƙin. Mai Girma ya saurara, ya karkata kai kamar alƙali. Ya ce gangar tana fita tsaf, kayan kiɗan ba sa cakuɗewa, amma ba ya girgiza haƙori. Aka rubuta: ba ya girgiza haƙori. Ƙaramin kuwa ko rabin minti bai yi a kansa ba ya cire.

"Wannan ai sauro ne a cikin gwangwani. Wa ya kawo shi?"

Ni ba wanda ya zaunar da ni a aji ya koya mini sauti. Matattun rediyo na yi ta buɗewa shekara talatin har na gane. Don haka na yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, jan nan na rawa ne, kuma a rawa ba shi da na biyu. Aikinsa ya kumbura ƙugi da dukan ganga, ya danne siririn sauti. To maganar mutum a siririn take, musamman ta mata da tsofaffi. Layin waya kuma dama yana da ɗan ƙugi, shi zai kumbura ya rufe mai magana. Wannan ƙaramin da ka raina, don magana aka yi shi. Ga yayata a waje, a sa ta bugo, a gwada da muryar mutum."

Ɗan kwangila ya dube ni kamar na taka masa sabon takalmi.

Mataimaki ya ce, "Malam, waya aka kira ka ka haɗa, ba lacca ba. Kana so baƙi su shigo ofis mai daraja su ga ma'aikatanmu da wannan abu a ka?"

Mai Girma ya riga ya mayar da jan a kansa. Na ce bari dai in sauke abin da ya kawo ni. Na tsaya gabansa na zayyana maganar turke, da ɗakin, da keken, da yaran. Ina magana yana gyaɗa kai. Na ƙara, ya ƙara gyaɗawa. Har zuciyata ta yi sanyi, sai na lura ƙafarsa ma tana gyaɗawa, kuma tare suke tafiya da kan. Sakatariya ta rubuta a takarda cewa an saurari mai koke.

Da yamma na ba maƙwabcina mai aski labari. Ya ce, "Kai ma ka cika ƙorafi. Babban mutum ya gyaɗa maka kai sau arba'in, me kake nema kuma? Ni ubana har ya mutu ba a gyaɗa masa sau ɗaya ba."

Ni ba na rawa, kuma mai furfurar da ke karkaɗa kafaɗa a lokacin aiki ba ya burge ni. Amma ba rawar ce laifin Mai Girma ba. Ya je gidansa ya rufe ƙofa ya yi ta yi har gwiwa ta ƙi. Laifinsa shi ne an ba shi amanar kunnen jama'a, ya auna ta da daɗin nasa kunnen. Mutum huɗu a ɗaki, duk da takardun makaranta, ba wanda ya tambayi abin da za a ji da kayan. Dole dai a yaba musu, ba su yi kasala ba. Awa uku suka yi suna gwaji, har da maimaici.

Mako na zagayowa aka raba wa ma'aikata jajaye, layin waya ya dawo aiki. Yaya ta buga sau goma sha ɗaya cikin kwana tara. Amsar ba ta canza ba: "Baiwar Allah, ɗaga murya, ba ma jin ki." Ta ɗaga har maƙwabta suka leƙo. A kira na ƙarshe ma'aikacin ya ce ta fita daga ɗakin injin niƙa tukuna. A tsakar gida take, ko kaza ba ta motsi.

Ran Alhamis da la'asar aka yi iska. Allah ya sa yara suna makaranta, ita kuma tana shagona tana yi mini faɗa kan rigar da na ƙona da ƙarfen soda na liƙa waya. Turke ya sauka. Ya raba rufin biyu, ya karya wuyan keken. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Auta, kayan mutane ne a ƙarƙashi. Ɗinkin gobe ne."

Da abin ya tsaya nan, da shi ke nan. Amma wayoyin sun faɗo sun gitta babban titi, kuma a daidai lokacin ayarin Babban Mai Girma, wanda ke sama da Mai Girma, yana wucewa. Minti arba'in ya yi a tsaye. Ku lura da kyau, jama'a. Rufin yayata bai motsa kowa ba. Minti arba'in na babban mutum su suka girgiza ofis.

Washegari Babban Mai Girma ya je ofishin da kansa, ya tambaya ko ba wanda ya kai rahoto. Aka ce babu. Sai sakatariya, Allah ya yi mata albarka, ta ce ai na'ura tana ɗaukar duk kiran da ya shigo. Aka jona ƙaramin nan ruwan toka, wanda ɗan kwangila ya manta a durowa. Muryar yaya ta fito tar, sau goma sha ɗaya, tana faɗin layi, tana faɗin lambar turke.

Yanzu ita da yaran suna ɗakin matata, keken yana shagona, kuma ban ga ta inda zan ɗora wuyansa ba.

Shugaban Sauraro kuwa an sauke shi daga kujera. An zaunar da shi a teburin bakin ƙofa da hedifon ruwan toka a ka. Kira dubu ɗaya da ɗari shida ne suka taru, zai saurare su ɗaya bayan ɗaya ya rubuta da hannunsa. An ce ya fara da na yayata.