Yadda Za Ka Zama Gawa a Fim ɗin 'Yan Sanda Ba a Kore Ka Ba

Sau goma sha ɗaya aka kashe ni a talabijin a nan birnin Plovdiv, da shi nake ci da iyalina. Ka bi matakan nan, aikinka ba inda za shi.

1. Ka san abokin gabarka. Ba darakta ba ne. Baba Tsonka ce, tsohuwar da ke saman benenmu, mai kallo da biro a hannu. Ita ta rubuta wa gidan talabijin cewa an harbe ni a kafaɗar hagu, likita ya ciro harsashi a ta dama. Darakta Zdravko ya ce, "Stoycho, wasiƙa ɗaya ta ƙara zuwa a kanka, ka koma lodin kabeji."

2. Kada ka je aski tsakanin harbi da faɗuwa. Harbin ran Litinin ake ɗauka, faɗuwar ran Alhamis. Na taɓa shan harsashi da gashin baki, na isa ƙasa babu shi.

3. Kada ka saki al'ada. Zaren nan ja da fari da muke ɗaurawa a hannu a watan Maris, ba a cire shi sai an ga shamuwa. A Maris muke ɗaukar fim ɗin, a labarin kuwa watan Agusta ake.

Zdravko ya ce, "Cire abin nan."

Na ce, "Ka ga shamuwa?"

"Kai fa gawa ce."

"Gawar ma ba ta gani ba."

Haka aka ɗauka.

4. In ka ga shamuwa, ka cire. Washegari na gan ta kan turken lantarki, na rataye zaren a reshen bishiya yadda al'ada ta ce. Shi ke nan gawa ta shiga motar asibiti da zare, ta fito babu.

5. In wasiƙa ta iso, ka riga darakta buɗe baki. Na ce, "Maigida, wane kuskure? Makashin ne ya cire." Aka ƙara wa fim ɗin kashi shida, sufeto yana farautar ɓarawon zare, ni ina kwance ana biyana. Ƙarshe aka kama direban motar asibitin.

Na gamu da Baba Tsonka a matakala, ta ce, "Ɗana, ni tun farko idon direban nan bai yi min ba."

In ka bi wannan aka kore ka, kada ka zo ƙofata. Ni tun watan Agusta na mutu, ƙasa duka ta gani.