Ranar da Na Sa Gwaggo Yagana Cikin Mamata

Wata bakwai na yi ina tattara sunayen kakanninmu, tun daga wanda ya taso daga Barno ya sauka Damagaram. Ni mai tsoron kuskure ne, kowane suna sai na bi shi sau uku, don kada a bar mamaci ko ɗaya babu addu'a.

A tsohuwar takardar iyali ta kakanmu, Malam Bukar, na ga wata Fanna cikin 'ya'yansa. Ban taɓa jin labarinta ba, sai na sa ta cikin waɗanda suka rasu, har na yi mata ƙwalla.

Ranar Sallah dangi suka taru, na miƙe ina karantawa: "Fanna 'yar Malam Bukar, Allah ya jiƙanta."

Gwaggo Yagana, ƙanwar babana, ta ajiye ludayi. "Amin, ɗana. Amma bari in ƙarasa furata."

Ashe Fanna shi ne sunanta na yanka. Sunan kakarsu ta ci, shi ya sa ba mai faɗarsa.

Na durƙusa ina ba ta haƙuri. Ta shafa kaina ta ce, "Tashi, ai na ga mai yi mini addu'a."

Har yau in ta kira ni a waya daga Mirriya, sai ta ce, "Marigayiya ce. Ka ci abinci?"