Keken Sammani Ya Tafi a Kuɗin Shara

"...Ina gajiya, ubangidana? Ya cika-ciki? Ko cikin bai samu abin cika shi ba?"

Sammani tela ko kallon kirki bai yi mata ba. Tun safe ya kasa zama wuri ɗaya. Ya taɓa makunnin wuta, ya fita ya hango taransifomar unguwarsu ta Ƙofar Marusa da ta ƙone tun makon jiya, ya dawo ya sake taɓa makunnin. Ga rigunan abokan ango tuli a kan tebur, saura aikin wuya, kuma gobe ne ɗaurin aure. In ya kunyata ango Kabiru, ya rasa samarin unguwa kaf, su kaɗai kuwa suka rage masa.

Ana cikin haka ne Hajiya Nafisa ta sauko daga mota da wannan gaisuwa. Taubashiyarsa ce, 'yar ƙanwar mahaifinsa. A al'ada shi ɗan namiji shi ne ubangida, ita 'yar mace baiwarsa ce, kuma washegarin cika-ciki baiwa kan zo karɓar kuɗin shara. Al'ada dai ba ruwanta da wa ya zo a mota, wa ya karya kumallo da ruwa.

"Wa ya kwance ki da sassafe, baiwa? Koma, ban da lokacin bayi yau."

"Kuɗin sharata na zo amsa. Bara ka ce mani baɗi, to ga baɗin ta iso."

"Kin yi sharar? Dubi shagon nan, ƙyalle har gwiwa."

"In share mi? Wanga shago ko ɓera ya shigo sai ya bar maka sadaka."

"Ke da aka haifa da kai kamar tulu? Ni na riƙa goya ki, har yau bayana bai miƙe ba."

"Ba goyona ba ne, zaman jiran wuta ne. Ina kekunan ƙafa na Kawu?"

Nan ta taɓa inda ke masa ciwo. Da hannunsa ya sayar da su, ya haɗa ya sayo keken aikin wuya mai amfani da lantarki, don ya ga masu shi ne ke kwashe ciniki. Ya manta cewa su suna da abin kunna nasu.

"Na sai da. Ubangida ba ya taka keke kamar ɗan haya," in ji shi.

"Madalla! Ka sayi doki ba ka da ciyawa. Janareto hwa?"

"In zuba mashi mi? Ruwan randa?"

"Da ka yi wayo irin nawa, da sola ka sa."

"Wayo? Ke, kar ki sa ni dariya ina cikin haushi. Da aka raba gadon kaka, tsohona ya ɗauki gidan cikin birni yana taƙama. Tsohuwarki, Gwaggo Delu, aka tura mata kangon bayan Ƙofar Kaura, inda ko akuya ba ta kwana. Kwatsam titi ya bi ta wurin. Wayonki ne ya jawo titin?"

"Addu'ar bayi ce."

"Gidanmu kuwa da muka raba, mu 'ya'yan tsoho, kowa ya tashi da ɗaki guda da rabin zaure. Ke tsohonki ma'aikaci ne, ya kai ki makaranta, kika fito da takardar da banki ke gani ya ce zauna ga kujera. Ni ina ɗan mitsitsi aka ɗora ni bisa keke. Na je neman rance, suka ce in kawo takardar gida. Ta rabin zaure?"

"Ka manta tashin asuba da na yi shekaru ina sai da zoɓo?"

"Ni da rana tsaka nike tashi? Kakanmu ɗaya, Nafisa. Kwano ɗaya muka ci."

Ya ambaci sunanta ba tare da "baiwa" ba, shi kansa sai da ya ji kunya. Nafisa ta dubi rigunan, ta dubi ƙwan fitilar da ya mutu, sai ta ɗaure fuska.

"Surutu ba ya biyan shara. Tunda ba ka da ko sisi, na ƙwace wanga keke. Ɗanliti!" Ta ƙwala wa direbanta kira. "Zo ka ɗauka."

"Ke! Ki ɗauki hulata, ki ɗauki takalmina, ban da keken nan!" Sammani ya tare ƙofa. Taubashi in ya ƙwace abu ba a kai shi ƙara, wannan kowa ya sani. "Wallahi gobe ne ɗaurin auren. Kashe ni za ki yi?"

"Matsa, ubangidan banza. Ɗanliti, haɗa da rigunan, da zaren, da shi kanshi in zai shiga but ɗin mota."

Sai a lokacin ya gane. A jerin shagunanta na Ƙofar Kaura wuta ba ta ɗaukewa. Ya juya baya yana ta tattara almakashi da ba ya bukata, don kar ta ga idonsa ya kawo ruwa.

"Akwai shago guda da ba kowa," ta ce a hankali. "In ka gama, ka bar keken can. Ai nawa ne yanzu."

Ya share fuska da hannun riga, ya fashe da dariya. "Ubangida a shagon baiwa? Katsina za ta ji labari!"

"Ta ji. Baɗi in na zo amsar shara ka sake ce mani babu wuta."

"Kin ci ni, 'yar Gwaggo," in ji shi, ya rungumi rigunan ya riga ta shiga mota.