Ranar da Na Ji Dolfin Na Magana

Tun daga unguwarmu ta Ka'akiyya har bakin teku nake cika wa 'yan ajinmu baki cewa kunnena ba ya kuskure. A kwalekwale malamarmu ta miƙo mini na'urar sauraron dolfin, dabbar tekun nan, a ƙarƙashin ruwa, ta ce wanda ya kamo sauti mai kyau shi za ta riƙe a aikin sauraron.

Ina sa abin kunne na ji gurnani.

"Ustaza, wallahi ga su nan! Uwa ce ke kiran ɗanta!"

Ta saurara, ta dube ni. "Ya akhi, ka karya kumallo kuwa?"

Ashe makirfon bai shiga ruwa ba, yana jingine da tumbina.

Labarin ya riga ni isa gida. Har yau in na shigo, yayata sai ta ce, "Yalla, ku zuba masa shinkafa, uwar ta fara kira."